Kwalabe biyu da duba-gari ya bar mini

Shekarun baya, lokacin ina da rumfar faci a bakin hanyar tasha a Yelwa, ina da wata ɗabi'a: ban iya rabuwa da tsohuwar taya. Duk wadda ta ƙare, sai in wurga ta bayan rumfa, in ce wata rana za ta yi amfani. Kuma takan yi. Masu jirgin ruwa kan saya su rataya a gefen jirgi saboda karo, mahauta kan ɗiba don babbakar kai da ƙafa. Tulin ya yi ta hawa har ya kai tagar ɗakin mahaifiyata, don gidanmu na manne da rumfar.

A damina ɗaya zazzaɓi ya kayar da Inna sau uku. Na ukun sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Tsohuwa ta rame, ko butar alwala ba ta iya ɗauka. Wallahi na tsorata, na fara tunanin ko tafiya ce ta zo.

Ana cikin haka wani dattijon duba-gari ya iso da tsohon babur ɗinsa. Ya zagaya bayan rumfa, ya daɗe, ya dawo ya ce, "Malam, wanga tulin taya da ke tara sauro ba ya kwana bakwai nan gaba. Ko dai ka huda su ka jera ƙarƙashin rufi, ko a kwashe. Ƙonawa kuma babu, ba wa mahauta ma babu."

Ni kuwa da ɗan banzan bakina na ce, "Haba Baba, mu da muka tashi bakin ruwa za a koya wa sauro? Ga kogi can shimfiɗe har Warra, shi ba ka ba shi wa'adi ba sai tayata?" Masu kabu-kabun da ke jiran iska suka kwashe da dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Bai yi fushi ba. Ya ce in ba shi kwalba biyu. Ya hau babur ya je bakin ruwa ya cika ɗaya, ya dawo ya karkata wata taya ya tsiyaye baƙin ruwan cikinta a ɗayar. Ya yage tsumma ya ɗaure bakin kowace, ya aje su kan teburina.

"Kai za ka yi gadinsu," in ji shi. "Kada ka ce na yi maguɗi."

Da zai tafi, na yi abin da muka saba. Na naɗe kifi banda manya guda biyu a takarda na saƙala masa a babur. Ya kwance, ya miƙo mini. "An ce mini Innarka ba lafiya. A yi mata farfesu da shi."

Kwana biyar ina leƙen kwalaben nan kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Ta kogi ruwa ne kawai, garau. Ta tayar kuwa 'yan tsutsotsi ke ta wutsil-wutsil a ciki, ran nan da safe na tarar da sauro sun yi baƙi a ƙarƙashin tsumman, suna neman hanyar fita. Na ɗaga kai na dubi tulin, na dubi tagar Inna.

Da kaina na kai mata kwalbar har bakin gado. Ta ƙura mata ido, ta ce, "Ashe kiwo kake yi ban sani ba, ni ce dusar." Ta yi dariya, ni kuwa ƙwalla na yi.

Da dattijon ya dawo, ina jiran ya yi mini gori gaban mutane kamar yadda na yi masa. Sai kawai ya naɗe hannun riga, ya karɓi ƙarfena ya nuna mini inda ake huda taya don kada ruwa ya kwanta. Shi ya haɗa ni da wasu masu jirgi daga Warra suka kwashe fiye da rabi, sauran muka jera ƙarƙashin langa-langa. Inna ta ƙarasa daminar nan ba ta sake kwanciya ba, ta bayanta ma haka.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni har kogi na hango. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan yana da ikon rufe rumfata a ranar farko, amma ya zaɓi ya bar ni in gani da idona. Har yau in na ga taya kwance da ruwa ciki, ko a garin wasu ne, sai na tsaya na kifar.

Da na ji ya yi ritaya, Inna ta ce in kai masa gaisuwa. Na nemi gidansa, na aje kifi banda biyu gabansa. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Yaya jikin Inna?"

Na ce, "Ita ta zaɓo su da hannunta a kasuwa."

Ran nan ya karɓa.