Murfin da Ya Ƙi Hawa Adaka

Duk unguwar Gyadi-Gyadi an yarda Baffa ne yake ɓata wa Baba aiki. Wai yana so ya ware ya buɗe nasa shagon a Tarauni, shi ya sa murafen adakokinmu suka daina hawa. Ba haka ba ne.

Wa da ƙani ne, suna ƙera adaka da indararo, suna amfani da injin lanƙwasa ƙarfe irin na hannu. Baba ne mai awo. Ya ja layi da ƙusa a kan fallen ƙarfe, ya saita shi a bakin injin, Baffa ya danne, ya ɗaga hannun injin. Tun ina ƙarama na haddace ƙa'idojinsu: a bar wa kaurin ƙarfe wuri a cikin awo, a fara da ƙananan gefuna, a ɗan wuce kusurwar da ake so domin ƙarfe yana komawa baya idan an sake shi.

A shekarar da na gama sakandare ni nake kai musu abincin rana. Da farko ni ma Baffa na sa wa ido. Na tsaya a kansa har ya ce, "'Yar boko, sufeto aka turo mana?" Ban ga abin da ya yi ba daidai ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake zaginsa yana shiru, alhali mutum ne da ko canjin goro sai ya yi gardama a kai.

Sai na koma kallon Baba. Ba ya duban layin. Da babban yatsa yake laluben kartar ƙusar, yana bin ta har cikin bakin injin, inda ƙarfe yake danne ƙarfe. Baffa kuwa ba ya taɓa komai sai ya ga hannun Baba ya fito, kuma wani lokaci ya ɗan tura fallen da gwiwa a ɓoye. In ya dace, murfi ya hau. In bai dace ba, ya sha zagi.

Na tare Baffa a bakin randa yana wanke hannu.

"Baffa, tun yaushe ba ya gani?"

"Wa ya ce miki?"

"Ba wanda ya ce. Ina da ido."

"To ki yi shiru da shi. Mai shago ne. In aka ji, wa zai kawo aiki?"

"In injin ya cinye yatsun fa?"

"Ina lura."

"Ran da ka yi atishawa fa?"

Ya ci gaba da wanke hannu.

Na tattara kwanukan tun ba su gama ci ba. A hanya na yanke shawara: zan gaya wa Inna a gaban Baba, ba a bayansa ba, kuma gobe da sassafe in riƙe masa hannu zuwa asibitin ido, ko da zai yi wata ba ya yi mini magana.