Katin Shatu da Sista Ta Ƙi Sa wa Hannu

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta biyu da kama aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke yankin Taura. Tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin in miƙa makullai in koma gida Dutse in huta, to ga shi.

A lokacin ba mu da na'urar hoton ciki, mai son hoto sai ta shiga mota. Mu uku ne kacal, sai benci biyu a gindin darbejiya. Ƙa'idar ita ce, ƙaramar ma'aikaciya ta saurari mara lafiya, ta rubuta magani a kati, ta kai wa babbarmu, Sista Hajara, ta sa hannu. Allah ya jiƙan Sista. Ga faɗa kamar me, amma ba ta taɓa cin ƙosanta ita kaɗai ba.

Ranar wata Bafulatana, Shatu, ta ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa, ta shigo kai a sunkuye. Maganin sanyi take so, mai ƙarfi. Shekara biyar da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kuma uwar mijinta ta rantse in kaka ta wuce ba labari, sai ɗanta ya mayar da ita gidan ubanta. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Da jin "sanyi" na rattaba magani kala uku, na kai ciki.

Sista ta kalle ni ta saman tabarau. "Binta, wane irin ruwa take gani?"

"Sanyi dai, Sista."

"Ita ta ce sanyi. Ke me kika ce? Yana wari? Yana ƙaiƙayi? Kira min ita, ki tsaya nan ki buɗe kunne."

Sista ta duba Shatu, sannan ta zaunar da ita tana tambaya a hankali. Ashe ruwan garai yake kamar farin ɗanyen ƙwai, yana yauƙi, ba wari ba ƙaiƙayi. Kwana uku ko huɗu yake yi a tsakanin al'ada da al'ada, wani lokaci da ɗan suka a gefen mara.

"To 'yata, in ya zo me kike yi?"

"Inna, kunya nake ji. Sai in ɗauki tabarmata in koma bukkar Goggo, uwar mijina, in yi ta shan jiƙo har ya ɗauke. An ce in miji ya kusanci mai sanyi shi ma sai ya kamu. Shi kuwa ya ɗauka ƙinsa nake yi."

"Kowane wata?"

"Ban taɓa fashi ba, Inna."

Sista ta yi salati, ta ajiye biro. Ta ce mata kowace mace da ƙwayayenta take zuwa duniya, tun tana cikin uwarta, a ajiye a gidan ƙwai guda biyu, dama da hagun mahaifa. In ta balaga, kowane wata wasu kan fara nuna, amma galibi ɗaya ne ke cika ya fito, kamar mako biyu kafin jini na gaba. Ƙwan nan bai fi kwana guda yana jira ba. In bai gamu da ruwan namiji ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi masa sai ta zube, ita ce al'ada. Shatu tana ta gyaɗa kai, amma da gani maganar ba ta shige ta ba.

Sai Sista ta ce, "Tsaya. In saniya tana neman bijimi, da me kuke ganewa?"

Nan Shatu ta ɗago, muryarta ta buɗe. "Ai ko yaro ya sani, Inna. Ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma za ki ga wani ruwa mai yauƙi yana…" Ta tsaya cak.

"To a ranar, ɗaure ta kuke yi nesa da garke?"

Shatu ta toshe baki da gefen mayafi. Wallahi ban san dariya take yi ko kuka ba. "Wayyo ni Shatu! Shekara biyar!"

Sista ta ja layi a kan magungunana uku. "Lafiyarki ƙalau. Haihuwa ta Allah ce, ban yi miki alkawari ba. Ki bar tabarmarki a ɗakinki. In wata shida suka wuce shiru, ku zo ke da maigidan a duba ku duka." Ni kuma ta miƙo min katin ba ta ce uffan ba. Na gwammace ta zage ni.

Kaka ta zo ta wuce, ba Shatu ba labarinta. Duk Laraba sai na leƙa bakin ƙofa, har na cire rai, na ce an mayar da ita gida. Sai da ruwa ya sake sauka, ranar awo, na ga ƙwaryar nan a inda aka saba ajiye ta. Shatu na kan benci, ciki ya yi tudu, Goggo da kanta na riƙe mata da kati.

Ni na karɓi haihuwar, mace. Sista ba ta gan ta ba, ta rasu saura wata biyu. Ranar suna mijin ya zo a keke da kwalbar man shanu, ya ce yarinya ta ci sunan Hajara. Na shiga ɗakin magani na yi kuka mai isata.

Abin da na koya ke nan: mace takan zo da sunan ciwonta a baki, kuma ba wauta ba ce, abin da aka gaya mata ne. Ki tambaye ta kafin ki ɗauki biro, ki yi mata bayani da abin da ta riga ta sani. Ga makullan. Ga kuma katin, da layin Sista a kansa. Ku sa shi a aljihun teburin nan, duk sabuwar da ta zo tana ji da kanta, ku nuna mata.