Kiɗan Da Na Yi Wa Mai Bencin Baya

Shekara biyu da suka wuce, ni ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar matasan cocinmu a Suleja, kuma ni ne sarkin marasa ji na unguwarmu kaf. Mamata kan ce da tsokana sana'a ce, da tuni na gina mata bene a Abuja. Ko fasto na tsakiyar wa'azi, in na ɗaga gira ɗaya, sai layin matasa gaba ɗaya ya kama tarin ƙarya.

A cocinmu, in babba ya yi zunubi a fili, dattawa kan sa shi ƙarƙashin horo. A sanar a gaban jama'a, ya koma bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji sai ranar da aka kira shi gaba aka karɓe shi. Haka aka yi wa baban abokina, wani mai walda a Madalla, don ya sha giya ya yi dambe a tasha. Bawan Allah bai taɓa fashin sujada ba. Ya zo da farar rigarsa, ya zauna can baya, kai a sunkuye. Ni kuwa sai na ƙirƙiro masa kiɗa nasa na kansa. Da ya shigo sai in karkata hannu, ganga ta riƙa tangaɗi kamar mashayi zai tsallake kwata. Manya ba su gane ba, matasa kuwa har cizon hannu suke don kada dariya ta fito. Abokina ya roƙe ni in bari, ya ce babansa ya gane, ran Lahadi ko abinci ba ya iya ci. Na ce masa gangar ce ta bugu, ba ni ba.

Ranar da za a karɓe shi, ya zo da wuri, matarsa ɗauke da kular shinkafa ta godiya. Muna gwaji a harabar coci. Shaiɗan ya ce mini yau ce ta ƙarshe, kada in yi asara. Na buga kiɗan, har na miƙe ina layi. Ban ankara ba abokina ya dira a kaina, ya zuba mini naushi a baki. Muka yi ta birgima cikin ƙasa, yana shaƙe ni ina cizonsa. Hannuna ya faɗa kan ƙarfen da ake ɗora ganga, na ɗaga na maka masa a goshi. Jini ya tsinke kamar an buɗe famfo. Daga nan dariya ta ƙare. Baban ya taho a guje, ya ga ɗansa kwance, ya ɗaga ni da wuya ya buga da bango, ya sharara mini marin da ya fitar mini da haƙori. Mata na ihu, sai da maza suka taru kafin a ɓanɓare ni. Sannan ya dubi hannuwansa, ya zauna a ƙasa yana kuka.

Dattawa suka tambaye ni abin da ya faru. Na ce kiɗa kawai nake yi. Ƙaryar nan ce ta sa aka tsawaita wa baban abokina horo. Da gaskiya ta fito daga bakin matasa, an karɓe mini ganga, an sanar da laifina a gaban kowa, babana ya zane ni a gida. Dattawa sun je har Madalla ba baban abokina haƙuri, ya karɓe su da ladabi, amma bai sake taka cocin ba. Abokina yana nan da tabo a goshi, in mun haɗu sai ya tsallaka titi.

A da na ɗauka horo wulaƙanci ne, shi ya sa na ga kamar an ba ni izinin ƙarawa. Ashe jinya ce ake yi wa mutum don ya dawo. Shi ya ɗauki zunubinsa da nauyi, ni na mai da nawa wasa. 'Yan'uwana matasa, in kun ga wanda ya faɗi yana ƙoƙarin tashi, ku riƙe dariyarku. Ni haƙori na rasa. Shi ban san abin da na raba shi da shi ba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni.