Mai Bokitin Wayoyi

A bakin ƙofar ɗakin karatu na kwaleji akwai wata dattijuwa mai shara, gajeriya, da tabarau mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare. Ɗalibai na kiranta Inna Yanzu-Yanzu, don duk wanda ya ce "sai anjima" a gabanta ya jawo wa kansa. Tsakanin ƙafafunta bokiti ne mai murfi, cike da wayoyin da masu su suka miƙa da hannunsu. Ba ta mayarwa sai ta ga shafi biyu na rubutu.

Ga wata budurwa ta fito tana murmushi, ko rabin awa ba ta yi ba.

"Inna, na gama."

Inna ta karɓi littafin a juye, ta ƙura masa ido kamar alƙali. Ko bihim ba ta sani ba. Amma ta duba yatsun yarinyar, ta shinshina takardar.

"Wannan tawadar ta kwana uku, 'yar nan. Koma. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani."

Wataƙila "gobe" ce ta taɓa kayar mata da ɗa a jarrabawa. Wataƙila kuma mulkin kawai take so.

Budurwar ta juya tana ƙunƙuni, sai ta waigo. "To ke Inna, ajin manyan da kika ce za ki shiga tun bara fa?"

Inna ta danne murfin bokiti, ta ɗauki tsintsiya.

"Wannan kuma sai Allah ya kai mu gobe."