Inuwar Gonar Koko

A shekarun da nake tuƙin motar kaya a Riyad, mu huɗu muke zaune a ɗaki guda a Manfuha. Ɗaya daga cikinmu mutumin Taraba ne, yana dakon kayan lambu a kasuwar Aziziya. Sarkin Noma muke ce masa don tsokana, saboda ko gaisawa kuka yi sai ya san yadda ya jawo zancen gonarsu. Koko suke nomawa, wanda ake yin cakulan da shi. Ni ɗan birni ne, ban taɓa ganin bishiyarsa ba, amma na haddace gonar nan kamar ni na gaje ta.

Yakan ce koko ba ya son rana ta doke shi kai tsaye. Mahaifinsu a ƙarƙashin manyan itatuwa ya dasa shi, da ayaba a tsakani. Ba a share ganye, ba a cinna wuta, ɓawon da aka fasa ma gindin bishiya ake mayar da shi ya ruɓe. "Ƙasar nan in ka tona da hannu, sanyi za ka ji," in ji shi. Mu da muke narkewa a gaban fanka sai mu ce ya tona mana mu shiga.

Wata shekara ya dawo daga hutu ba walwala. Tun rasuwar mahaifinsu gonar tana hannun yayansa, yayan kuma ya gama magana da masu injin katako su sare manyan itatuwan bayan damina, a ƙara dashe, a zuba takin zamani kamar yadda maƙwabta suka yi. Na ce ya kira shi ya ce bai yarda ba. Ya dube ni kamar na ce ya zagi liman.

"Yayana ne fa. Shi ya goya ni. Da wane bakin?"

Haushi ya kama ni, na ɗauka tsoro ne kawai. Ashe ya taho da ƙullin busassun 'ya'yan koko. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya aro kaskon suyar gahawa wajen Bayamane mai kanti a ƙasanmu. Ya soya, ya murje, ya sheƙe a gaban fanka, ɓawon ya lulluɓe min farin kaftani. Ya yi ta daka a turmi har mai ya tsattsafo. Na farko ya ƙone. Na biyu kamar kana tauna yashi. Muka yi masa dariya har muka gaji, shi bai gaji ba. Ranar da ya dace, na sa a baki: ɗaci kaɗan, ɗan tsami, sai wani ƙamshi da ban san sunansa ba. Tsokanata ta ƙare a nan. Gaskiya mutumin nan ya burge ni.

Ya ce a gidansu babu wanda ya taɓa ɗanɗana abin da suke nomawa, a buhu ake aunawa masu saye su tafi da shi. Ya naɗe cakulan ɗin a leda, ya ba wani mai tafiya gida, bai haɗa da saƙon baki ko ɗaya ba. Dukkanmu ba wanda ya tuna da zafin hanya. A narke ya isa, sai matar yayan ta dama shi da ruwan zafi da madara.

Muna cin abincin rana yayan ya kira, muna jin muryarsa.

"Kai, wannan baƙin abin da ka aiko, ina ka saye shi?"

"Ba saye na yi ba, Yaya. Na gindin babbar bishiyar nan ne, inda Baba yake shimfiɗa buzu."

Sai muka sake jin muryar yayan.

"Ashe abin da tsohon nan ya ƙare rayuwarsa a kai ke nan, bai taɓa sa shi a baki ba." Ya yi gyaran murya. "Zan sallami masu injin. Amma ka yi haƙuri, da ita suka fara. Ta faɗi tun wancan makon."

Sarkin Noma ya ajiye lomar da ke hannunsa. Idona ya ciko, nasa ma haka.

"Yaya, kada a ƙone kututturen. A bar shi ya ruɓe a wurin."

"To," in ji yayan. "Sai me kuma za a yi? Faɗa min."