Shekarar da Muka Turke Ɗan Dambenmu

Na tsufa, haƙora sun zube, sunayen jikokina ma sai na kira uku kafin in dace da na wanda nake nema. Amma shekarar da na sa jakina a kan ɗan dambe, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Abin ya faru tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. Lokacin ina ji da ƙarfina, ina dillancin dabbobi a kasuwannin arewacin Kano, ina da mata, da 'ya'ya biyu, da jaki ɗaya.

Sai na faɗi matsayin jakin nan kafin a gane girman wautata. A wajenmu gona manne take da gona, ba a barin ko ɗaya ta huta. In ba ka kai mata taki da rani ba, da damina ita ma ba ta san ka ba. Jakin nan shi ke kwasar mini taki, shi ke kai mini fatu da hatsi Tsanyawa ran kasuwa. Rabin tuwon gidana a bayansa yake zuwa.

A zamanin, dambe abin kaka ne. In an gama yankan dawa, mahautan ƙauyukanmu sai su ɗaure hannu a yi ta zagaya gari gari, wanda ya ƙare kaka ba a kai shi ƙasa ba shi ne gwanin shekara. Amma musun tun da damina ake fara shi. Da an gama maimai, wato noma na biyu, hannu ya ɗan sarara, sai ka tarar da maza a gindin tsamiyar kasuwa ana ta gardamar wa zai ɗauki bana. Kowa ya zama masani, har wanda bai taɓa dunƙule hannu ba. Wannan ya ce na yamma ya tsufa, wancan ya ce bahagon gabas kafaɗarsa ba ta warke ba. Daga musu sai a sa kaya, zakara ko damin gero ko akuya, Sarkin fawa ya zama shaida. Limaminmu ya sha faɗa mana caca ce, mu kuma mu ce ai musu ne kawai. Caca ce, liman ya fi mu gaskiya.

A shekarar nan bakin kowa yana kan namu, wani mahaucin garinmu, sa'ana ne, tare muka tashi. Dogo ne mai faɗin ƙirji, kakar da ta wuce ba wanda ya ga gwiwarsa a ƙasa. An yarda da shi har ta kai in za ka sa kaya a kansa, sai ka sa akuya biyu kafin wani ya yarda ya sa ɗaya. Akwai wani siririn mahauci a ƙauyen hayin rafi da akan ambata jefi jefi, shi ma don a cika lissafi ne.

Ni kuwa ana ji da idona. In na dafa gadon bayan rago, na san abin da zai bayar kafin a sa masa wuƙa. Don haka in musu ya yi zafi sai a ce a tambayi dillali, ni kuma in gyara zama in yanke hukunci. Mu uku ne dillalan garin, duk muka sa kaya a kan namu, ni zakaru biyu na fara sawa.

Bayan mun sa ne tsoro ya kama mu. Ɗaya daga cikinmu ya ce, to in magirbi ya sare shi wajen girbin gero fa? In maciji ya same shi a gona fa? Muka ga maganar ta kama hankali. Mu kuwa hanya ɗaya muka sani ta shirya mai rai don babbar rana, ita ce a turke shi. Ragon Sallah ba a barinsa yawo, ɗaure shi ake yi a inuwa a cika masa ciki. Sai muka kira gayya aka girbe masa geronsa, muka hana shi taɓa fartanya, muka hana shi ko zuwa rijiya. Muka shimfiɗa masa tabarma a zaurena. Da safe fura da nono, da rana tuwo da man shanu, da yamma nama. Dusa da kanwa ne kaɗai ba mu ba shi ba.

Da farko bai so ba. Ya ce mini, “Ni fa ban saba zama ba. Jikina in bai yi gumi ba ciwo yake mini.”

Na ce, “Kai dai ci. Kai ka san naushi, mu mun san jiki.”

Matata ce ke dakan furar, ita ce kuma ta fara magana. Wata rana ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, “Maigida, shi wannan bawan Allah, yanka shi za ku yi ne?” Na ce mata ina ruwan mata da dambe. Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” ta koma turminta.

Duk ran kasuwa sai in dafa kafaɗarsa, in matsa damtsensa, in fita in ba jama'a labarin ya ƙara cika. Ya yi fes, fatarsa har sheƙi take yi. Wallahi a lokacin daɗi nake ji, gani nake na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

Ana cikin yankan dawa sai ga wani tsoho mai gyaran ƙwarya ya zo zauren. Tsohon ɗan dambe ne, hancinsa a karkace tun samartaka. Duk daminar nan shi ma namu yake zaɓa in an tambaye shi. Ya zauna, ya kalli gwanin namu yana shan fura. Can ya juyo gare ni.

“Rabonsa da gona tun yaushe?”

Na ce, “Tun kafin girbin gero, Baba.”

“Wa ke ɗebo masa ruwa?”

“Mu.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce jiya ya biyo ta hayin rafi, ya ga siririn nan yana jidar damin dawa daga gona zuwa rumbu, tun hantsi har azahar bai zauna ba. Sannan ya ce, “Ina da 'yar akuya ɗaya. Na sa ta a kan siririn. Kai me ka sa?”

Zauren cike yake da mutane, kowa ya kwashe da dariya, ni na fi kowa. Na ce, “Jakina.”

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, “Ɗana, ƙara zakara dai. Jaki ba abin wasa ba ne.”

Ƙofa ya buɗe mini in fita da mutuncina, yau na san haka. A ranar kuwa raini na ji, wai mai ɗinkin ƙwarya zai koya mini duba jiki a gaban jama'a. Na ce jaki na faɗa, jaki ne. Muka je gaban Sarkin fawa ya shaida, jakina a kan 'yar akuyar da ko haihuwar fari ba ta yi ba.

Ranar da aka buɗe fage, bayan la'asar ne, a wata gona da aka gama yankewa, kuma da siririn aka haɗa namu. Wajen shiri, kambun da ya saba ɗaurawa a damtse ya ƙi shiga, sai da aka ƙara masa igiya. Mu muka ɗauki abin alfahari ne. Masu kalangu suka ɗauka, ya fito yana taku, wuri ya ruɗe da ihu.

A turmin farko, wato zagayen farko, namu ya bi siririn da ƙarfinsa. Akwai naushin da ya kai, da ya samu da labarin ya ƙare a nan. Siririn bai tsaya ba, ja da baya kawai yake yi yana zagaya fagen, namu na bin sa. A turmi na biyu na ga bakin namu a buɗe, ƙirjinsa na sama da ƙasa, hannun da yake karewa da shi ya fara sauka. Na san wannan hakin, na sha ganinsa a jikin ragon turka in an kora shi kasuwa mai nisa. A turmi na uku siririn ya matso ya sa masa ɗaya a gindin kunne, ba ma wani mai ƙarfi ba. Gwiwar gwaninmu ta taɓa ƙasa. Ran farko ta buɗe fage, dambe na farko.

Washegari da hantsi na kwance jakina da hannuna, na ja shi har ƙofar tsohon. Bai yi mini ba'a ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Da na dawo na tarar da abokina ɗan damben yana naɗe tabarmar zauren zai koma gidansa. Na ce masa sai haƙuri. Ya dube ni ya ce, “Ka ce kun san jiki. Numfashi fa, wa ya san shi a cikinku?” Har ya bar dambe yara na kiransa ragon dillalai, ni na jawo masa.

Ranin nan a kaina na kwashi taki, kwando kwando, rabin gonar ma ban kai ba. Da damina inda takin ya samu ne kaɗai ya ba ni abin kirki, ba mu kai kaka ba sai da muka rage awo. Matata ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, tukunya kawai ta sake zuwa ƙarama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar gonata ta ƙofar tsohon ta bi. Duk safiya in na zo wucewa da kwando a ka, sai jakin ya ɗago ya yi mini kuka, don ya gane ni.

Abin da na koya shi ne, sanin da ke ciyar da mutum yana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa kamar yadda mai shi yake zato. Na san rago, sai na ɗauka na san komai mai ƙafa. Na kuma gane abin da 'ya'yanka ke ci a bayansa ba naka ba ne kai kaɗai, balle ka kai shi fagen musu. Har yau in damina ta yi nisa samari kan zo su ce, “Baba, wa kake gani zai ɗauki bana?” Sai in ce musu ban sani ba, amma in da mai rago ya kawo in duba masa.