Kogin da Bras Tinoco Ya Ƙi Faɗa

Bras Tinoco shekarunsa hamsin da takwas, sana'arsa zuba wa kifi gishiri a tashar jiragen ruwa ta Setubal. Yana da huda a ƙasan leɓe, in zai sha ruwa sai ya toshe ta da yatsa.

Yana ɗan shekara ashirin da shida ya fasa wa wani kai da shebur a kan rabon ruwan fadamar gishiri. Mutumin ya mutu, alƙali ya ce a rataye Bras. A lokacin jiragen sarki suna neman masu laifi da za a riƙa ajiyewa a gaɓar ƙasashen da aka gano a ƙetaren teku. In mutanen wurin sun kashe su, ba a yi asara ba. In sun rayu, sun koyi yare. Maimakon rataya, aka sa Bras a jirgi, aka sauke shi a bakin wani kogi da burodi biyu da gicciyen katako. Ya bi jirgin cikin ruwa har iya ƙirji, matuƙa suna ɗaga masa hula suna dariya.

Mutanen kogin ba su kashe shi ba. Wata tsohuwa ta sa ƙaya ta cire masa ƙwarin da suka shige yatsun ƙafarsa, aka ba shi rogo da gasasshen kifi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a cikinsu. Suka huda masa leɓe kamar kowane namiji nasu, ya yi aure, ya sami 'ya mace, Potira. Ranar da wani jirgi ya zo saran itacen rini, ya hau don ya yi tafinta. Kafin ya gama magana jirgi ya bar gaɓa. Ba wanda ya tambaye shi.

Shekara uku da suka wuce aka sauke a Setubal mutum arba'in da aka kamo daga waccan gaɓar ta ƙetaren teku, ɗaure a igiya guda. Bras ya ji yarensu, ya yar da wuƙa ya ruga. Ba na koginsa ba ne. Ruwan sha kawai suka roƙe shi. Kafin sanyi ya wuce, saura shida da rai.

A watan jiya wani kyaftin, Aires Botelho, ya same shi a tsakiyar gangunan kifi.

"Kai ne mai jin yare biyu? An ce ka san wani kogi mai itace da jama'a, ba su ko gudun baƙo."

"Na manta, ranka ya daɗe. Gishiri ya cinye min ƙwaƙwalwa."

"To, ka tuno. Hukuncinka ɗaga shi aka yi, ba a soke ba. Igiyar tana nan, alƙalin yanzu kuma abokina ne. Ran Litinin nake son sunan kogin da hanyarsa."

Ƙanwarsa Mecia, wadda yake zaune a gidanta, ta ji labari tun kafin ya iso.

"Yaya, sai ka ce ba ka da wayo! Ka ba shi wani kogin daban mana. Ina zai sani?"

"A wancan kogin duwatsu ne ke zaune? Can ma mutane ne, Mecia. Can ma akwai tsohuwa mai cire ƙwari da ƙaya."

"To a rataye ka saboda waɗanda ko sunan Ubangiji ba su sani ba?"

Ya buga kwano a tebur har miya ta fallatsa mata a zane.

"Masu sanin sunan nasa su suka jefar da ni kamar mushe! Su suka sato ni daga gaban 'yata, tana riƙe da kwandon rogo tana jira in sauko. Yanzu in nuna musu ƙofar ɗakinta? Ta haihu ko ba ta haihu ba ban sani ba, amma ba zan gan ta a igiya a tashar nan tana roƙon ruwa ba."

Mecia ta goge zanenta.

Ran Litinin da hantsi Bras ya bar mata wuƙarsa da takalmansa masu kyau. Bai bi ta tasha ba. Ya taka har ƙofar kurkuku, ya zauna a kan dakali, ya ce wa mai gadi ya aika a gaya wa kyaftin inda yake.